Ummulkhairi Ta Ƙi Rage Malmala

Akwai wani gidan abinci a bakin tashar Talata Mafara, rumfar kwano ce mai benci shida. Mai shi wata mata ce ana kiran ta Ummulkhairi. Ba ta da tsawo, ba ta da yawan magana, amma idan ta ce a'a, gara ka nemi wuri ka zauna ka huta, don ba za ta sake magana ba.

Tuwon shinkafa take sayarwa da miyar kuka da ta taushe, sai dafa-duka ranar kasuwa. Mata biyu ke yi mata aiki. Akwai Inna Marka, dattijuwa, ita ke tuƙi da kwasa tun lokacin da mahaifiyar Ummulkhairi ke riƙe da rumfar. Sai Raliya, uwar 'ya'ya uku, mai zuba miya da kai wa mutane, wadda bakinta ya fi hannunta sauri.

Duk wanda ya saba cin abinci a wurin ya san abu ɗaya. Malmala biyu ta Inna Marka tana riƙe ƙato tun azahar har magariba. Direbobin Gusau da na Sakkwato sun sani, 'yan dako sun sani, haka manoman Bakura da Maradun da ke shigowa ran Talata.

To, sai shekarar tsada ta zo. Kun dai san ta, ba sai na tsaya ina ba ku labari ba. Shinkafa ta ninka, mai ya ninka, har itacen girki da ba a ɗauke shi a bakin komai ba ya fara yi wa mutane yanga.

Sai Alhaji Nagode, shugaban masu sayar da abinci na tashar, ya kira taro. Mutum ne mai rumfa uku da daɗin baki. Idan yana magana sai ka rantse taimakonka yake yi, sai ka koma gida ka gane kai ne ka taimake shi.

Da aka taru ya ce, "Jama'a, kowa ya ga halin da muke ciki. In munka ƙara kuɗɗi, mutane gudu za su yi. In munka bari hakanan, mu za mu gudu. Amma akwai dabara."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da marar kwasar tuwo, wato ɗan ɓallin ƙwaryar nan da ake kwasa da shi, da wata 'yar wuƙa. A gaban kowa ya zagaye bakinta, ya datse kamar faɗin yatsa ɗaya.

"Kun gani? Hannu shina kwasa yadda yas saba. Ido shina ganin malmala biyu cikin kwano. Kuɗɗi na nan ɗari biyat, ba a taɓa su ba. Wa zai gane?"

Wuri ya kaure da dariya, ana ta cewa Alhaji akwai kai. Daga can baya sai aka ji muryar Ummulkhairi.

"Ciki zai gane, Alhaji."

Kowa ya waiwaya. Alhaji Nagode ya juyo yana murmushi ya ce, "Hajiya Ummulkhairi, to ke mi kika shawarta?"

Ta ce, "Ni na yi awona. Na dahwa tiya guda na ƙirga malmala nawa tab ba ni. Na sa mai, na sa nama, na sa itace, na sa haƙƙin masu aikina. Ƙasa da ɗari takwas, aljihuna mutane ka ci, ba tuwo ba. Don haka daga gobe tuwona ɗari takwas na, malmala kuma tana nan yadda take."

"Wato ke kaɗai ke da tsoron Allah cikinmu?"

"Ban ce ba. Na dai ce ba ni rage malmala."

Murmushin Alhaji ya ɗan dushe. Ya ce, "Sati ukku nib ba ki. In ba ki ruhe rumfar ga ba, ki sake mini suna."

Ta ce, "Sunanka na da kyau, Alhaji, riƙe abinka." Ta gyara mayafinta ta fita.

Kada ku zaci wata mai kuɗi ce. Abin da ta mallaka a lokacin buhu uku ne na shinkafa a ɗakin ajiya, wanda ta saya a Bakura kafin farashi ya haukace. Idan buhunan nan suka ƙare ba su kawo kuɗin sayen wasu ba, rumfa ta rufu ke nan. Inna Marka da Raliya kuma kowacce ta kama hanyar gida, babu wani aikin da ke jiran su.

Washegari ta sa aka rubuta mata allo da jan fenti, aka kafa a ƙofar rumfa: TUWO ƊARI TAKWAS. KUƊI YA ƘARU, MALMALA BA TA RAGU BA.

Wani direban Gusau, wanda ya fi shekara biyar yana ci a wurin, ya tsaya ya karanta allon har sau biyu. Ya leƙo ya ce, "Hajiya, zinari anka zuba cikin miyar?"

Ta ce, "Kuka ta, irin ta jiya."

"To can wurin Alhaji Nagode ɗari biyat na."

"Allah shi ba da sa'a. Hanya ba ƙaya."

Ya tafi. Bayansa wani ya tafi, bayan wannan wasu suka bi. Kafin sati ya zagayo, benci shida sun koma ana cika biyu da ƙyar. Tuwon da a da ba ya kai la'asar ya koma yana kai magariba yana kallon su, sai a rarraba wa maƙwabta.

Ni abin da ke ba ni haushi da mu ke nan, jama'a. Mun fi son a cuce mu cikin ruwan sanyi da a gaya mana gaskiya a fuska. Mutanen nan da suka koma rumfunan ɗari biyar, kafin la'asar za ka gan su suna sayen rogo da ƙuli, wasu kuma su ce a ƙaro musu malmala ta uku. Amma babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa dalili. Sai dai ka ji ana cewa, "Wallahi yunwar bana ta daban ce."

Ummulkhairi kuwa ba zama ta yi ta rafka tagumi ba. Ta dakatar da dafa-duka, don ita ta fi cin mai. Ta daina ɗora babbar tukunya lokaci ɗaya, ta koma ƙarama sau biyu, ba a ɗora ta biyu sai ta farko ta kusa ƙarewa. Itace ta daina saye a cikin gari, tana fita da sassafe ta tari masu amalanke a bakin hanya. Nata kwanon ma ta daina sa masa nama.

Abu biyu ne ba ta taɓa ba: girman malmala da kuɗin aikin matan nan biyu. Kowace yamma tana ba su cif, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Duk da haka buhu na farko ya tafi, na biyu ya bi shi, kuɗin da suka bari kuma bai kai na sabon buhu ba.

Abin da take sa rai da shi guda ɗaya ne. Akwai wani babban manomi a Dakko, Alhaji Bappa, mai gonar shinkafar rani. Kowace shekara idan yanka ya zo yakan ɗauki 'yan ƙwadago arba'in na kwana huɗu, kuma a wurinta yake sayen abincinsu. A wajen 'yan yankan shinkafa abincin rana yana cikin jinga, ba alfarma ba ne. Kowane mutum malmala biyu, haka aka saba. Cinikin kwana huɗun nan kaɗai ya isa ya cika mata ɗakin ajiya.

Ran wata Alhamis sai ga Alhaji Bappa ya faka mashin ɗinsa. Aka shimfiɗa gaisuwa.

"Alhaji, an zo lahiya? Ina gajiya? Ƙaƙa iyali? Ƙaƙa mutanen Dakko? Ƙaƙa zahin ga?"

"Lahiya lau, Hajiya, mun gode Allah. Ina kasuwa? Ina Inna Marka, jiki da sauƙi dai?"

Sai da aka gama duka sannan ya ce Asabar zai fara yanka, mutum arba'in kamar kullum. Ta gaya masa farashi. Ya cire hula ya sake sawa.

"Hajiya, shekara huɗu muna tare. Alhaji Nagode ya ce shi ba ni ɗari biyat. Ki rage mini, ko da shidda ta."

"Alhaji, in nir rage maka, sai dai in rage cikin kwanon mutanenka. Ni ko ba ni yin haka. Tahi ka ɗauki malmala tai a hannu guda, ka ɗauki tawa a guda, ka auna da kanka."

Ya yi dariya ya ce, "Malmala ai malmala ta. Tamanin nika so, tamanin za a ba ni."

"To Allah shi sa a yi yanka lahiya."

Ya tsaya yana jiran ta kira shi. Ba ta kira shi ba. Ya tada mashin ya zagaya wajen Alhaji Nagode, tana kallon sa.

Wannan kam ta ji shi har cikin ranta. Ta shiga ɗakin ajiya ta tsaya a kan buhun ƙarshe, wanda an riga an ci fiye da rabinsa. Tsoro ya kama ta sosai.

Washegari da safe ta zo ta tarar ba a hura wuta ba. Inna Marka na zaune a kan turmi, marar kwasa a hannun hagu, wuƙa a hannun dama. Raliya na tsaye a gefe ta harɗe hannu.

Inna Marka ta ce, "Ɗiyata, zauna in hwaɗa miki. Na ga ƙoƙarinki, Allah ma ya gani. Amma bari in ɗan rage, ko rabin yatsa na. Ni tsohuwa ta, in anka ruhe wurin ga, wa ka ɗaukata aiki? Ga Raliya da ɗiya ukku."

Jama'a, faɗa da Alhaji Nagode abu ne mai sauƙi. Amma mutanen da kake yi dominsu su zo suna roƙon ka ka bari, wannan shi ne mai wuya. Idon Ummulkhairi ya ciko.

Ta ce, "Inna, in munka rage rabin yatsa yau, gobe shinkahwa ta ƙara tashi, mu sake ragewa? Sai yaushe za mu tsaya, sai malmala ta koma ƙwan zabo? Mutanen ga ba su da komi sai ƙarhinsu, da shi suka neman abin kai gida. Ba ni satar musu shi cikin kwano."

Raliya ta ce, "To Yaya, in anka ruhe hwa?"

"In ruhewa ta, mu ruhe da sunanmu."

"Suna aka ci? Ɗiyana suna za su ci?"

Ummulkhairi ta juyo wajenta. Ta ce, "Ba na ce miki na san abin da ka zuwa ba, Raliya. Abin da nis sani, muddin akwai tiya guda cikin buhun can, kuɗɗin aikinku na nan, malmala kuma na nan. In kin ga wuri mahi wanga, ba ni riƙe ki, kuma ba ni jin haushinki."

Ta miƙa hannu. Inna Marka ta daɗe tana duban ta, sannan ta ba ta wuƙar. Raliya ta ja tsaki mai tsawo, ta ɗauki ashana ta nufi murhu tana ƙunƙuni. Ba ta tafi ba.

Yanzu mu leƙa Dakko.

Ranar Asabar tun da asuba 'yan ƙwadago suka shiga gonar Alhaji Bappa da laujensu. Shugabansu wani ne Buba, mutumin Damaga, dogo, mai shekara ashirin yana yankan shinkafa. Zafin watan nan kun san shi, ga bayanka a duƙe tun safe. Da rana ta take sai ga kulolin Alhaji Nagode a bayan keke mai ƙafa uku. Mutane suka wanke hannu suka zagaye inuwa.

Buba ya buɗe kula ya ɗauko malmala ɗaya. Ya ɗora ta a tafin hannunsa, ya rufe yatsu, suka rufe ta ruf. Ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

Aka raba, aka ci. Loma huɗu, biyar, kwano ya koma fari. Mutane suka zauna suna duban kulolin ko akwai saura.

Buba ya ce, "Alhaji, mun ɗanɗana, ya yi daɗi. Ina abincin?"

Alhaji Bappa ya ce, "Wane abinci kuma? Malmala tamanin ta, ni niƙ ƙirga da hannuna."

"Munka yi jinga da kai bisa malmala biyu, irin wadda munka sani shekara huɗu. Ba mu yi jinga bisa wagga ba. In kuɗɗin abincinmu kaka son ragewa, ai sai ka hwaɗa muna tun hwarko."

Alhaji ya yi rantsuwa har ya gaji, babu wanda ya yarda. A ganinsu da gangan ya sa aka yi musu ƙanana. Suka lallaɓa har la'asar, aikin da bai kai rabin na kullum ba, sannan suka saɓa laujensu. Buba ya ce gobe kada a jira su, maƙwabcin gonar ma hannu yake nema.

Duk manomin shinkafa ya san abin da wannan ke nufi. Shinkafa ta nuna har ta fara zuba da kanta. Tsuntsayen jan-baki na sauka garke-garke. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas kowace yamma. Kwana uku aka ƙara, noman wata huɗu ya tafi.

Hankalin Alhaji Bappa ya tashi. Bai ko tsaya gida ba ya kamo hanyar Mafara, ya sami Alhaji Nagode a rumfarsa yana shan iska.

Alhaji Nagode ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Tamanin kac ce?"

"Tamanin."

"Ka ƙirga?"

"Na ƙirga."

"To ina laihina? In ba ta ishe su ba, a ƙara ma kowa guda. Ɗari biyu da hamsin ta."

Alhaji Bappa ya tsaya ya haɗa a kansa. Ɗari bakwai da hamsin ke nan, a kan malmala uku da ba lallai su kai biyun Inna Marka ba. Ga aikin yini guda ya lalace, ga sunansa ya ɓaci a bakin mutum arba'in, duk saboda naira hamsin. Ya juya ya fita ko sallama babu.

Lahadi da sassafe, Ummulkhairi na auna abin da ya rage a buhu. Tiya tara ce da 'yan kai. Sai ta ji sallama. Alhaji Bappa ne, Buba na bayansa, don Buban ya ce ba zai tara mutanensa ba sai ya ga tukunyar da idonsa.

Gaisuwar ranar ba ta yi tsawon ta Alhamis ba. Alhaji ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe dai ya ce, "Hajiya, na yi kuskure. Ki taimake ni, shinkahwata na zuba."

Raliya ta matso kusa da kunnen Ummulkhairi, da raɗar da har bakin titi ana ji, ta ce, "Yaya, dubu. Wallahi ko dubu da ɗari biyu kinka ce, biya zai yi."

Alhaji ya sunkuyar da kai, don ya san gaskiya ta faɗa.

Ummulkhairi ta ce, "Alhaji, ɗari takwas nic ce maka ran Alhamis. Ban rage maka ba da kaz zo da ƙarhinka, ba ni ƙara maka yau don ka zo a matse. Kuɗɗin tuwo na, ba kuɗɗin mutum ba."

Ya ɗago ya dube ta.

Ta ci gaba, "Amma da sharaɗi biyu. Abin da ar rage mini duka cikin tukunyarka za shi yau, don haka kuɗɗin kwana huɗu a hannu, in aika a auno ta gobe. Na biyu, sunan rumfata za a rubuta jikin kowace kula. Wanda yac ci ya ƙoshi shi san inda tuwon yah hito, wanda bai ƙoshi ba shi san inda zai kawo ƙara."

Buba ya yi dariya a karo na farko, ya ce, "Wagga magana ta yi."

Alhaji ya biya nan take. Inna Marka ta ɗaura ɗankwali ta kama muciya kamar wadda aka rage wa shekara ashirin. Raliya ta samo ragowar jan fentin nan tana rubutu a jikin kuloli, tana yi tana mitar dubun da aka bari ta wuce.

Ummulkhairi da kanta ta bi abincin har Dakko. Mutanen Buba sun dawo gonar, amma babu wanda ya taɓa lauje, suna zaune a inuwa suna jiran su gani. Buba ya buɗe kula ya ɗauko malmala, ta cika masa hannu har tana neman zubowa. Ya juya ya ce, "Ku taso, wagga ita ta."

Aka hau ci, ba ka jin komai sai ƙarar kwano. Da aka gama wani dattijo a cikinsu ya sha ruwa ya yi hamdala, ya tashi ya ɗauki laujensa ba tare da an ce masa komai ba. Saura suka bi shi.

Kwana huɗu aka yi ana yanka ana bugu. Ranar ƙarshe ruwa ya sauko ya taɓa gefe ɗaya, buhu uku suka jiƙe. Wannan shi ne kuɗin yinin da aka ɓata, kuma Alhaji Bappa bai ɗora wa kowa laifinsa ba.

Su kuwa mutum arba'in ɗin nan, kowa ya koma garinsu da labari. Na Damaga suka kai Damaga, na Ruwan Gizo suka kai Ruwan Gizo. A majalisa, a bakin masallaci, a wajen mai shayi, ana ta kwatanta malmalar da yatsu suka rufe da wadda ta ƙi rufuwa. Ɗan ƙwadago ba ya da rediyo, amma idan ya ƙoshi a wurinka sai garinsu duka ya ji.

Talatar da ta biyo baya, ranar kasuwa, tun kafin azahar Buba ya iso da mutum bakwai. Bayansu wasu suka zo suna tambaya, "Nan na rumfar mai jan rubutu?" 'Yan dako suka ga taro suka leƙo. Direbobi suka ga 'yan dako suka leƙo. Wasunsu suna shiga suna kawar da kai don kunya, Ummulkhairi kuwa ba ta yi wa kowa gori ba, gaisuwa kawai take yi tana nuna wurin zama.

Benci shida suka cika, aka ari tabarma.

Alhaji Nagode ya daɗe a tsaye a ƙofar rumfarsa yana kallo. Daga baya ya tako har wurinta, ya ce, "Hajiya, kin ɓata muna kasuwa. Mutane na cewa mu macuta na."

Ta ce, "Ban taɓa kiran sunan kowa ba, Alhaji. Tuwona nika saidawa. In kuna son a daina hwaɗi, ku cika kwano ku hwaɗi kuɗɗinku na gaskiya. Wuri ya ishe mu duka."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai wani daga kan tabarma ya ce a ɗan matsa masa, an tare wa Raliya hanya. Alhaji ya matsa, ya koma inda ya fito.

Ana kiran sallar azahar sai ga Inna Marka ta fito daga madafa, gumi ya jiƙa mata riga, muciya a hannu. Ta tsaya a gaban Ummulkhairi.

"Ɗiyata, tuwo ya ƙare."

Ummulkhairi ta dubi tukunyar, fes, ko ƙanzo an kankare. Ta dubi waje, ga mutane fiye da goma a tsaye da kuɗinsu a hannu. Rabon da tuwo ya ƙare a rumfar nan da rana tsaka har ta manta. Hawayen da ta riƙe sati uku suka zubo, ba ta ko share su ba.

Ta ce, "Inna, ɗora babbar tukunya."

Raliya ta leƙa waje ta ɗaga murya, "Ku yi sallah ku dawo, jama'a! Ɗari takwas na, kuma ba a ragi!"

Suka tafi masallaci, suka dawo, suka jira.

Darasi: Idan kaya suka yi tsada, ka zauna ka san abin da sana'arka ke ci, ka faɗi farashinka na gaskiya da bakinka, ko da za a guje ka na ɗan lokaci. Kada ka ɓoye ƙarin kuɗi a cikin tauye awo, domin wanda ka tauye wa zai gane, kuma ranar da ya gane ba shi kaɗai zai tafi ba. Ka rage kashe kuɗi a inda ba za a cuci kowa ba, ka riƙe haƙƙin masu yi maka aiki, kada kuma ka tsawwala wa wanda ya dawo maka a matse. Wanda ya ƙoshi a wurinka shi ne zai yi maka talla. Idan ka san mai sayar da abinci, ko mai awo, ko duk wani mai sana'a da tsadar nan ta sa yake tunanin rage mudu, tura masa wannan labari yau, wataƙila ya tarar da shi kafin ya ɗauki wuƙa.